Wai me ya sa bos ya fi jarumi farin jini yanzu?

Duk sanda wani babban fim ya fito wanda mugu ne tauraronsa, tambaya ɗaya ce take dawowa: wai masu shirya fina-finai sun koma tallata mugunta ne? Tun 2019 da fim ɗin Joker, bos ɗin fina-finan Batman, ya tara sama da dala biliyan 1 a sinimomin duniya, sai kuma 2022 da Netflix ta saki labarin Jeffrey Dahmer, mutumin da ya kashe mutum 17 a Amurka, aka kalle shi sama da awa biliyan 1 cikin kwana 60, maganar nan ta ƙi mutuwa. Wasu na cewa ai lalata tarbiyya ce tsagwaronta, yaro ya ga ana tafa wa mai kisa gobe shi ma zai gwada. Wasu kuma su ce haba dai, fim ne fa, wa ya taɓa zama ɓarawo don ya kalli fim ɗin ɓarayi? Kowa ya kafe a kan tasa.

Abun da mutane da yawa basu lura da shi ba shi ne akwai waɗanda suka zauna suka yi rubutu mai zurfi a kan wannan batu, ba ƙagaggen labari ba, littattafai ne da maƙaloli na nazari, wasunsu 'yan jarida wasu malaman jami'a wasu likitoci, an kusa shekara 100 ana yi. In ka bi abun da suka rubuta zaka ga musun "zai kwaikwaya ko ba zai kwaikwaya ba" shi ne ma ƙaramin ɓangaren. Inda ɓarnar ta fi tabbata wani waje ne daban, kuma ba a cika zancensa ba.

Waye ma mugun tukunna?

Abu uku ake cakuɗawa. Akwai abokin karawa, wato duk wanda ya tare wa jarumi hanya, shi wannan ba dole ya zama mutumin banza ba, in jarumin ɓarawo ne to ɗan sandan da ke binsa shi ne abokin karawa alhali shi ke kan gaskiya. Akwai mugu na ainihi, wanda masu kallo ke kira bos, shi ya san cuta yake yi kuma ya zaɓi ya yi. Sai na ukun wanda shi ne ya rikita lissafi a zamanin nan, jarumi mai dattin hannu: labarin nasa ne, kyamara shi take bi, gidansa muke shiga mu ga 'ya'yansa, amma aikin da yake yi na bos ne.

Wani Barashe mai suna Vladimir Propp ya fitar da nazari a 1928 bayan ya bi diddigin tatsuniyoyin Rasha kimanin 100, ya ce mugu a labari ba hali ba ne kawai, aiki ne aka bashi, shi ne zai zo ya sace wani abu ko ya cuci wani sannan labari ya tashi, in bai zo ba jarumi yana nan zaune a gida ba abun da zai faru. Duk wanda ya tashi da tatsuniya ya san wannan ko ba a faɗa masa ba, Dodo ne ke sa labari ya yi zafi, Gizo kuwa maƙaryaci ne mayaudari amma bayansa muke bi muna dariya. Darakta Alfred Hitchcock ma ra'ayinsa kenan, cewa gwargwadon yanda mugu ya yi kyau gwargwadon yanda fim zai yi kyau.

A 2013 wani marubuci ɗan Amurka, Chuck Klosterman, ya yi littafi sukutum a kan mugaye na fim da na zahiri, sunansa I Wear the Black Hat, ma'anar da ya bayar ita ce mugu shi ne wanda ya fi kowa sanin abun da ke faruwa amma ya fi kowa rashin damuwa. Ma'anar ta yi, don ta cire jahili da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Amma ni a ganina tana da giɓi, don akwai mugayen da damuwar ce ma ta yi musu yawa, gani suke su ne masu ceton duniya. Thanos na fim ɗin Avengers na 2018 rabin halittu ya hallaka wai don sauran su samu wadata, kuma a tarihi irinsa sun fi kashe mutane fiye da masu kisa don nishaɗi.

Lokacin da aka hana mugu cin riba

Wannan tsoron ba sabo ba ne ko kaɗan. A farkon shekarun 1930 fina-finan 'yan daba ne ke tashe a Amurka, lokacin an haramta giya, su Al Capone na sharafinsu a Shikago. Da aka yi Scarface na 1932 masu tacewa sun tada ƙayar baya har sai da aka ƙara wa sunan fim ɗin wani take mai nuna cewa abun kunya ne ga ƙasa, aka kuma ɗauki wani ƙarshe na daban inda aka rataye ɗan dabar. Kamfanonin Holiwud ne suka ɗora wa kansu ƙa'idojin da aka sani da sunan Hays a 1930, don gudun kar gwamnati ta rubuta musu, aka fara aiki da su da gaske a 1934. Jigon ƙa'idar shi ne ba za a taɓa karkata tausayin mai kallo zuwa ga laifi ko mugunta ba, mai laifi dole ya ga sakayya kafin a tashi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A 1954 abun ya koma kan littattafan zane na yara. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi mai suna Seduction of the Innocent yana cewa waɗannan littattafan ne ke mayar da yara 'yan iska, har kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zama a kai a shekarar, masu buga littattafan suka tsorata suka kafa tasu hukumar tacewa da sharaɗin cewa a kowane labari alheri sai ya rinjayi sharri. Kamfanoni da dama sun durƙushe. Sai a 2012 wata malama a jami'ar Illinois, Carol Tilley, bayan ta duba takardun da likitan ya bari, ta bayyana cewa ya yi ta sauya bayanan yaran da ya yi hira da su, ya canza shekaru, ya haɗa maganar yara daban-daban ya mayar ta mutum ɗaya, ya ɓoye cewa wasunsu tun asali suna fama da matsalolin gida masu tsanani. To littafin da ya zama kakan duk wani rubutu na "nishaɗi ke lalata yara" kenan. Wannan bai nuna cewa damuwar iyaye shirme ba ce, amma ya kamata ya sa mutum ya ɗan ja birki in an kawo masa hujja mai zafi.

Yanda ƙofa ta buɗe

A 1968 aka jefar da ƙa'idojin Hays aka koma tsarin rarraba fim da shekarun mai kallo. Daga nan sai The Godfather a 1972, Taxi Driver a 1976, sabon Scarface a 1983, a 1992 kuma Anthony Hopkins ya ci Oscar da rawar Hannibal Lecter mai cin naman mutane. Talabijin ta biyo baya da fina-finai masu dogon zango, The Sopranos a 1999, Breaking Bad daga 2008 zuwa 2013, inda ake ɗaukar shekaru kana zaune da mai laifi a falonsa.

Indiya ma ba a barta a baya ba. Gabbar Singh na fim ɗin Sholay na 1975, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, ɗan fashi ne marar imani da ya sare wa mutum hannuwa biyu, amma ya yi farin jinin da har kamfanin biskit ya ɗauke shi talla da shigarsa ta Gabbar, tallan abun da yara ke ci fa. Mogambo na Amrish Puri a fim ɗin Mr. India na 1987 ya fi jarumin fim ɗin zama a bakin mutane. Shah Rukh Khan kuwa da fitowa a mai kisa ya yi suna a 1993, a Baazigar da Darr, kafin ya zama sarkin soyayya.

Akwai kuma lissafin kasuwa wanda ba a son faɗa. Sunan da mutane suka riga suka sani ya fi sabon suna sauƙin sayarwa, in an gama tatsar jarumi sai a juya kan bos ɗinsa a ce bari mu baku labarin yanda ya zama haka. Abun da Disney ta yi kenan da Maleficent a 2014 da Cruella a 2021. Kusan kullum amsar ɗaya ce, an cuce shi yana ƙarami. Gaskiya wannan salon ya fara gundura, kuma yana koyar da wani abu da ba daidai ba, kamar duk wanda aka zalunta to lasisin zalunci ya samu, alhali mafi yawan waɗanda suka sha wuya a yarinta basu taɓa cutar da kowa ba.

Me yake jan mu wajensa?

Na farko shi ne mai motsi. Bos ne ke da shiri, shi ke da buri, jarumi sai dai ya jira a yi ɓarna ya zo gyara. Na biyu yana faɗin abun da kai baka isa ka faɗa ba, ba ya tsoron oga, ba ya bin layi, ba ya ba kowa haƙuri, wanda ya wuni ana taka shi a wajen aiki in ya dawo ya ga wani ya taka kowa a allo akwai wani sanyi da yake ji ko bai furta ba. A 2020 wasu masu bincike biyu a jami'ar Northwestern, Rebecca Krause da Derek Rucker, sun wallafa nazarin da ya nuna cewa mutane sun fi karkata ga mugun labari da halinsa ya yi kama da nasu, amma in aka ce musu mutumin na gaske ne sai su ja baya. Wato sanin cewa ƙirƙira ce shi ke ba mutum damar leƙa wannan ɓangaren na kansa ba tare da ya ji kunya ba.

Na ukun shi ne wanda ya fi bani tsoro, ƙarfin kyamara. Duk wanda kyamara ta daɗe a kansa sai ka fara ganin duniya da idonsa. A Breaking Bad, Walter White yana dafa ƙwaya, yana kisa, har yaro ya sanya wa guba, amma wadda masu kallo da yawa suka tsana ita ce matarsa Skyler, laifinta kawai ta ce masa abun da yake yi ba daidai ba ne. Tsanar ta kai har jarumar da ta fito a matar, Anna Gunn, ta rubuta maƙala a jaridar New York Times a 2013 tana bayanin yanda zagin ya tsallake daga Skyler ya dawo kanta ita da kanta, harda barazana. Penn Badgley na fim ɗin You shi ma a 2019 sai da ya riƙa amsa wa masoyansa a Twitter yana tuna musu cewa mutumin da suke cewa suna so ɗin nan fa mai kisa ne.

Wa ake sanya wa rigar bos?

Nan ne nake ganin rubuce-rubucen suka fi amfani, don sun nuna abun da mai kallon fim ɗaya ba zai taɓa gani ba sai an jera masa ɗaruruwa. Bos ba daga sama yake faɗowa ba, wani ne ya zauna ya zaɓa masa fuska da harshe da addini da ƙasa, kuma zaɓin yana bin abun da jama'ar wajen ke tsoro a lokacin, ko abun da ake so su ji tsoro.

Jack Shaheen, Ba'amurke ɗan asalin Lebanon kuma Kirista, ya shafe shekaru yana kallon fina-finan Holiwud da Larabawa suka fito a ciki, a 2001 ya fitar da littafin Reel Bad Arabs inda ya bi sama da fim 900 ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka nuna Balarabe a mutumin kirki basu wuce cikin cokali ba, sauran ko ɗan ta'adda, ko attajirin mai marar tunani mai bin mata, ko ɗan fashin sahara. Ka lura da shekarar, aikin ya riga harin 11 ga Satumba, wato ba harin ne ya ƙirƙiro hoton ba, ya tarar da shi ne a shirye. Ko katun na yara bai tsira ba, waƙar buɗe Aladdin na 1992 tana da baitin da ke cewa ƙasar waje ne da ake yanke maka kunne in ba a son fuskarka, sai da ƙungiyar Larabawan Amurka ta yi ƙorafi aka canza shi a 1993.

Lokacin yaƙin cacar baka Barashe ne bos, kafin nan Bajamushe da Bajapane. Amma misalin da ya fi fito da abun fili shi ne Red Dawn. Na 1984 sojojin Tarayyar Sobiyat da na Kuba ne suka mamaye Amurka. Da aka sake yinsa, an ɗauki fim ɗin gaba ɗaya da sojojin Sin a matsayin maƙiya, sai aka tuna cewa Sin babbar kasuwar sinima ce, aka koma kwamfuta aka goge tutoci da tambura aka mayar da su na Koriya ta Arewa kafin a sake shi a 2012. Fuskokin basu canza ba, tuta kawai. Koriya ta Arewa ba ta sayen tikiti, shi kenan dalilin. Wanda ke da kuɗi ko murya ana tsoron a mayar da shi bos, wanda bashi da su kuwa ko oho.

A Indiya ma zaka iya karanta tarihin ƙasar daga mugayen fim ɗinta: mai ba da bashi da ruwa da mai gonaki a shekarun 1950 kamar a Mother India na 1957, ɗan fasa-ƙwauri a shekarun 1970, daga baya ɗan siyasa mai cin hanci da ɗan ta'addan da ya tsallako iyaka. Su kansu Indiyawan sun ɗanɗana a hannun wasu, Indiana Jones na 1984 ya nuna su a masu ciro zuciyar mutum da ransa, gwamnatin Indiya bata yarda da labarin ba har sai a Siri Lanka aka je aka ɗauka, kuma Amrish Puri ɗin dai shi ne bos.

Sai maganar jiki, wadda ta fi shafar talaka kai tsaye ko a wace ƙasa yake. A 2017 wasu likitocin fata suka ɗauki jerin manyan mugaye 10 da manyan jarumai 10 na tarihin fim ɗin Amurka, wanda cibiyar fina-finan ƙasar ta fitar a 2003, suka duba fuskokinsu, 6 cikin mugayen nan suna da wata matsalar fata a fuska ko a kai, tabo ko zubewar gashi ko makamancin haka, a jaruman kuwa babu ko ɗaya mai irin wannan. Zabiya ma an daɗe ana mayar da shi mai kisa, The Da Vinci Code na 2006 ya jawo ƙorafin ƙungiyar zabiyoyi ta Amurka. A 2020 kamfanin Warner Bros da jaruma Anne Hathaway sun ba da haƙuri kan The Witches, saboda an yi wa mayun hannu mai yatsu uku irin na mutanen da aka haifa da wannan lalurar. Yanzu ka ɗauki yaron da wuta ta ƙona wa fuska, ko yarinyar da aka haifa da hannu haka, su shiga aji washegarin da 'yan ajin suka kalli fim ɗin. Ba sai an yi wani dogon bincike ba kafin a san sunan da za a kira su da shi. Joker kansa likitocin ƙwaƙwalwa sun soke shi a kan ya ɗaure taɓin hankali da kisa, alhali masu wannan lalurar sun fi zama waɗanda ake cuta fiye da masu cutarwa.

To kwaikwayon fa, ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. John Hinckley da ya harbi shugaban Amurka Reagan a 1981 ya kamu da Taxi Driver ne da jarumar cikinsa. A 2021 wani mutum da ya yi shiga irin ta Joker ya daba wa fasinja wuƙa ya cinna wuta a jirgin ƙasa a Tokiyo, mutum 17 suka jikkata. Waɗannan sun faru. Amma miliyoyi nawa ne suka kalli fina-finan nan suka koma gida suka kwanta? Abun da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda ya riga ya yi nisa yana neman riga, fim sai ya miƙa masa wadda zai saka.

Kuma akwai ƙarin gishiri a labaran. Harin sinimar garin Aurora na Amurka a 2012, inda aka kashe mutum 12 ana kallon fim ɗin Batman, an yi ta yaɗa cewa maharin ya ce shi ne Joker, daga baya mai gabatar da ƙarar da kansa ya ce ba haka ba ne, amma har yau ana maimaitawa. A 2019 an baza 'yan sanda a sinimomi a Amurka saboda fargabar Joker, harin da ake tsoro bai zo ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ma a 2020, da take magana kan wasannin bidiyo na faɗa, ta ce akwai 'yar alaƙa da zafin rai kamar ihu da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora musu laifin kisa ko mummunan tashin hankali.

Inda masana suka fi damuwa da kwaikwayo shi ne suna da ɗaukakar da ake ba mai kisa na gaske, shi ya sa bayan harin masallatan Christchurch a 2019, inda aka kashe mutum 51, Firaministar New Zealand ta lokacin, Jacinda Ardern, ta ce ba za a taɓa jin ta ambaci sunan maharin ba.

In mugun mutum ne na gaske

Nan lissafin ya canza gaba ɗaya, don Joker bashi da waɗanda ya kashe a zahiri, Dahmer kuwa yana da su kuma iyayensu da ƙannensu suna raye. Da fim ɗin ya fito wasu daga dangin mamatan sun fito sun ce ba wanda ya tuntuɓe su, kawai gani suka yi an kwaikwayi kukan da suka yi a kotu ana samun kuɗi da shi. Mai shirin, Ryan Murphy, ya ce sun nemi kusan mutum 20 daga dangi da abokai ba wanda ya amsa. Ko ma wanne ne, a watan Oktoban shekarar sai da eBay ta riƙa cire kayan shigar Dahmer da ake sayarwa don bikin Halloween. Masu kare fim ɗin suna da hujja su ma, ya nuna yanda 'yan sanda a 1991 suka mayar wa Dahmer yaro ɗan shekara 14 da ya kuɓuto, duk da matan unguwa baƙaƙen fata da suka kira su suna roƙon a duba, kuma mafi yawan waɗanda ya kashe ba farare ba ne. Wannan darasi ne na gaske. Amma sunan wa ke kan fim ɗin, fuskar wa ke kan fosta?

Haka Pablo Escobar, ƙasurgumin mai safarar hodar iblis na ƙasar Kolombiya. Bayan Narcos na 2015 'yan yawon buɗe ido suka riƙa tururuwa Medellin suna hoto a gidansa suna sayen riga mai fuskarsa, mutumin da yaransa suka tarwatsa jirgin sama da mutum 107 a ciki a 1989. Abun ya ishi hukumomin birnin, a Fabrairun 2019 suka rushe benen nasa da ake kira Monaco suka yi wajen tunawa da waɗanda aka kashe a gurbinsa.

Mugun da bai yi kama da bos ba

A 1961 aka gurfanar da Adolf Eichmann a Kudus, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa. Wata masaniyar falsafar siyasa, Hannah Arendt, ta je ta kalli shari'ar ta rubuta littafi a 1963, abun da ya girgiza ta shi ne bata ga dodo ba, wani ma'aikacin ofis ta gani mai sanƙo da tabarau yana ta cewa shi umarni ya bi. An yi mata ca a kai, kuma daga baya wata Bajamushiya, Bettina Stangneth, ta kawo hujjoji a 2011 cewa mutumin ya san abun da yake yi sarai, ƙiyayyar a ransa take, wasan kwaikwayo ya yi wa kotu. Amma ko wacce ka bi a cikinsu abu ɗaya bai canza ba, in ka haɗu da shi a layin banki ba zaka waiga ba. Mugu ba shi da kama, fim kuwa sana'arsa kenan ya bashi kama, don mai kallo ya gane shi a minti biyar na farko.

Illar wannan ga mutum na yau da kullum a fili take. Ana tarbiyyar ido ya ji tsoron baƙo mai tabo mai wani irin harshe, alhali rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kusan 85,000 da gangan a duniya, kashi 60 cikin 100 a hannun miji ko saurayi ko ɗan uwa. Mai damfarar da zai cinye maka jari ba da dariyar Mogambo zai zo ba, da fara'a zai zo da kyakkyawar shiga. Kuma in aka kama irin wannan sai ka ji maƙwabta na cewa wallahi bai yi kama da wanda zai aikata ba, wani lokacin ma wannan maganar ce ke sa a ƙi yarda da wanda aka cuta.

Ina aka dosa?

Ana ɗan samun sauyi amma a hankali. A 2018 cibiyar fina-finan Birtaniya ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta, sai ga James Bond na 2021 ya fito da bos mai tabo a fuska, don shi ba kuɗinsu yake jira ba. Joker na biyu da ya fito a 2024 ya juya wa masoyan na farkon baya, ya nuna musu gwanin nasu ba kowa ba ne illa marar lafiya abun tausayi, sai suka ƙaurace masa, da ƙyar ya haura dala miliyan 200. Kamfanoni sun ga wannan lissafin kuma ba na jin zasu sake gwada yi wa mai kallo faɗa nan kusa.

Netflix kuwa ta ci gaba da jerin nata, bayan Dahmer ta yi na 'yan uwan nan biyu Menendez da suka kashe iyayensu a 1989, ta sake shi a 2024, sannan na wani mai kisan, Ed Gein, a 2025. Na Menendez ɗin har ya taɓa kotu, surutun da ya tayar ya taimaka wajen dawo da hankali kan shari'ar da aka rufe tun 1996, a Mayun 2025 alƙali ya sassauta musu hukunci daga ɗaurin rai da rai ba fita zuwa wanda zasu iya neman a sake su. Sun nema a watan Agusta, hukumar ta hana su duka biyun.